Littafin gajiya: motsa jiki bayan shanyewar ɓarin jiki

8 ga Satumba

Likitar gashi, wato mai koya wa gaɓoɓi motsi ta hanyar atisaye, ita ce ta sa ni buɗe wannan littafi. Ta ce duk lokacin da ta tambaye ni yadda mako ya wuce, amsata ɗaya ce, "da sauƙi", ita kuma ba ta iya tsara wa mutum atisaye a kan "da sauƙi". Abu uku take so in riƙa rubutawa: abin da na yi, yadda na ji a lokacin da nake yi, da yadda na wayi gari. Na ukun ta ja masa layi biyu a ƙasa.

Ga inda nake. Wata biyu ke nan da gudan jini ya toshe wata jijiya a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwata, ɓarin hagu ya shanye. Magana ta dawo da wuri, sai ɗan nauyin harshe idan yamma ta yi. Hannun hagu yana ɗaguwa zuwa kafaɗa, yatsun suna damƙa, sakin abin da suka damƙa ne aiki. Ƙafar tana kai ni da taimakon sanda, amma tafin faɗuwa yake yi, yatsun suna sharar ƙasa. Wannan duk ido na gani, wanda ya gani kuwa sai ya ce sannu.

Gajiyar ce ba a gani. Shekara talatin da wani abu na yi a kan teburin lissafi, na san gajiyar ƙarshen wata, wadda barcin dare guda ke wankewa. Wannan da ita nake kwana, da ita nake tashi. Kuma ba ta sallama. Ina tsakiyar magana sai in ji kalmomi sun yi mini nisa, fatar ido ta yi nauyi, cokalin da ke hannuna ma ya zama kaya.

Yau: wanka a zaune, sa kaya da kaina, tafiya cikin gida minti 5 sau biyu. Wankan da sa kayan sun fi tafiyar cin ƙarfi nesa ba kusa ba. Maɓallan riga kaɗai sun ci minti 12, ina gamawa na koma gado.

Likitar ta ba ni wani ɗan kati na auna wahalar atisaye, mai lambobi daga 6 zuwa 20, ma'aunin Borg, sunan masanin ƙasar Suwidin da ya tsara shi. 6 kana zaune ba ka komai, 20 ka kai maƙura. Ta ce in tsaya tsakanin 11 da 14, inda numfashi ya ɗan ɗagu amma ina iya haɗa jimla. Ƙirga bugun zuciya ba zai yi mini amfani sosai ba, domin ɗaya daga cikin magungunan hawan jinina yana danne bugun, ko na wahala ba zai hau yadda ya kamata ba.

11 ga Satumba

Minti 5 sau uku, maki 12. Tashi daga kujera a koma, sau 6. Na wayi gari kamar jiya, ba gaba ba baya.

15 ga Satumba

Ranar awo. An ja layi biyu a ƙasa, tsakaninsu mita 10, aka ce in yi tafiyata ta kullum. Daƙiƙa 22, wato mita 0.45 a daƙiƙa guda. Masu wannan fanni gida uku suke raba mutane: wanda bai kai 0.4 ba tafiyarsa ta cikin gida ce, daga 0.4 zuwa 0.8 yana ɗan fita amma da iyaka, wanda ya haura 0.8 ya shiga jama'a. Ni dai ina bakin ƙofa ke nan. Sai tafiyar minti 6 a baranda: mita 140, da tsayawa ɗaya na jingina da bango.

Daga nan likitar gashi ta miƙo mini takarda mai jimloli 9 a kan gajiya, kowace in ba ta maki daga 1 zuwa 7. Tun 1989 ake amfani da ita. Idan matsakaicin makinka ya kai 4, gajiyar ta wuce ta kowa da kowa. Nawa 5.9.

Na tambaye ta ko ni kaɗai ne haka. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, rabin waɗanda nake gani ke nan." Wani nazari da aka fitar a 2016, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano cewa kusan kashi 50 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo suna fama da ita. Har wanda ciwon ya taɓa kaɗan, ya tashi da ƙafarsa, tana iya kama shi.

Abin da ya zauna mini a bayaninta shi ne lissafin. Tafiya da ƙafar da ta shanye tana cin ƙarfi ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na tafiyar mai lafiya. Ƙarfin zuciya da huhu kuma, bayan ciwon da kwanciyar da ta biyo baya, yakan faɗo zuwa wajen rabin na sa'anninka. Abin kashewa ya ninka, abin shigowa ya ragu da rabi. Ga ƙwaƙwalwa, wadda ko da lafiyarta tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin jiki, yanzu tana neman sababbin hanyoyi don yin abin da a da ba ta ko tunani a kansa. Ni mai lissafi ne, ban buƙaci a maimaita mini ba.

19 ga Satumba

Minti 7 sau uku. Tashi daga kujera sau 8, ba tare da dafa gwiwa ba. Dare biyu a jere sha-raɓar hagu tana ƙagewa, sai an miƙar mini da ita.

27 ga Satumba

Yau ne na iya riƙe biro.

Ranar Laraba na tashi garau. Kai wasai, jiki ba nauyi, irin safiyar da rabona da ita tun kafin ciwon. Na ce wa 'yata ta raka ni waje. Muka tafi har ƙarshen layi, muka juyo, na ce mu ƙara. Ta ce, "Baba, likita fa minti 7 ta ce." Na ce likita ba ta ga yadda nake ji yau ba. Minti 25 muka yi. Da muka dawo na sa aka ɗauko mini takardun ofis da suka taru, na yi awa guda a kansu, na amsa waya uku, na kira wani abokin aiki muka daɗe muna hira. Na kwanta ina cewa to, an wuce wurin.

Alhamis ban iya ɗaga kai ba. Ba ciwo ba ne, ba zazzaɓi ba. Jiki ne ya ƙi karɓar umarni. Daga gado zuwa banɗaki sai da na huta a hanya, ƙafar tana ja kamar makon farko, harshe ya yi nauyi tun da safe. Ƙarar cokali a faranti ma sai da na ce a rage. Juma'a haka, gashin ranar ya wuce ni. Kwana biyu babu atisaye ko ɗaya, saboda minti 18 da na ƙara.

Na koma na duba abin da na rubuta a daren Laraba: maki 13. Ina cikin iyakar da aka gindaya mini. Wato a lokacin da nake tafiyar jikina bai ce mini komai ba, katin ma bai ce ba. Gajiyar nan mai ba da bashi ce: yau ta ba ka fuska a sake, gobe da jibi ta zo karɓa da ruwa a kai. Yanzu na gane layi biyun da aka ja a ƙarƙashin abu na uku.

Yayana ya zo dubiya ranar Juma'ar, ya same ni kwance da rana tsaka. Ya ce, "Kai dai ka saki jiki ne. Shekaranjiya an ce har waje ka fita. Tashi ka motsa, kwanciyar nan ita ke karya ka." Ban amsa ba, ba ni da ƙarfin amsar. Abin haushin shi ne yana da rabin gaskiya: kwanciya tana zaftare nama, tana rage ƙarfin zuciya, gajiyar ta ƙaru, ka ƙara kwanciya. Sai dai fitar da yake yabo ita ce ta kwantar da ni, wannan rabin kuma ba ya gani.

2 ga Oktoba

Na kai wa likita littafin. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kusan kowa sai ya bi ta nan, wasu ma shekara suke yi a haka: ranar da suka ji daɗi su yi aikin kwana uku, su kwanta kwana uku.

Sabon tsari. Mun duba abin da nake iya yi ko a rana marar daɗi ba tare da ya kwantar da ni ba, shi ne minti 6. Daga nan za mu fara, sau uku a yini, rana mai kyau minti 6, rana marar kyau minti 6. Ba za a ƙara ba sai na yi mako guda ina wayar gari lafiya, ƙarin kuma minti ɗaya ko biyu. Hutu shi ma an sa masa lokaci: minti 20 da hantsi, minti 30 bayan abincin rana, a kwance, ba waya, ba rediyo. Kafin gajiyar ta zo, ba bayan ta zo ba. Barcin rana kada ya yi tsawo, don kada ya ci na dare.

Na kawo mata maganar Yaya. Ta ba ni labarin wani babban gwaji da aka kira AVERT, wanda aka buga sakamakonsa a 2015, mutum 2,104 a ƙasashe biyar. An raba su biyu, wasu aka riƙa tayar da su daga gado cikin awa 24 na farko ana sa su motsi mai yawa, wasu aka bi da su yadda aka saba. Bayan wata uku, waɗanda aka matsa wa ne suka ɗan fi baya. Da aka sake duba alƙaluman, sai aka ga gajeren motsi sau da yawa a yini ya fi dogo amfani. Ta ce wancan maganar kwanakin farko ce, ni na wuce nan, kada in ɗauka an hana ni motsi. Amma dai ba kullum ne ƙari yake zama riba ba.

9 ga Oktoba

Wani abu ya fito daga littafin wanda ban zata ba. Sau biyu cikin makon nan na tashi liƙis alhali tafiyar ba ta canza ba. Na duba baya: Lahadi masu dubiya sun cika falo, kusan awa biyu, mutum uku suna magana lokaci guda, talabijin na kunne. Talata kuma na daɗe ina karanta saƙonni a waya. Ko taku ɗaya ban ƙara ba, amma jiki ya amsa kamar na yi doguwar tafiya.

Ashe aljihu ɗaya ne. Sauraro, bin zance, neman kalma, murmushin da kake yi don kada baƙo ya ji ba daɗi, duk daga nan ake cira. Wanda ya fi cin ƙarfi shi ne hayaniya: a da kunnena yana zaɓar murya ɗaya ya zubar da sauran, yanzu duka suke shigowa da ƙarfi ɗaya.

Maiɗakina ce ta ɗauki nauyin wannan. Ta ce, "Malam, kai ba za ka iya korar mutum ba, ka bar mini." Yanzu dubiya da yamma ce, mutum biyu a lokaci guda, minti 20, talabijin a kashe. Na san akwai waɗanda ransu bai so ba. Wata gwaggon yara ta ce ciwo ya sa mini girman kai. Allah Ya ba ta haƙuri.

Na ƙara shafi a littafin: aikin kai, shi ma da mintocinsa.

14 ga Oktoba

Minti 8 sau uku. Tashi daga kujera sau 10, zagaye biyu. Ɗaga dunduniya ina dafe da tebur. Lafiya lau.

20 ga Oktoba

Ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na je da ƙorafi biyu: jiri idan na miƙe, da mutuwar jiki da take kama ni wajen ƙarfe goma na safe kullum, ko na yi aiki ko ban yi ba.

Ya ce kafin a ɗora wa ciwon komai, sai an kawar da abin da ake iya gyarawa. An ɗebi jini don duba ƙarancin jini, suga, ƙoda da tayirod, halittar nan ta wuya mai daidaita ƙarfin jiki. An auna hawan jini ina kwance, 138 bisa 84, sannan na miƙe aka sake, 112 bisa 74. Ya ce idan na sama ya faɗi da 20 ko fiye cikin minti uku da miƙewa, to shi ne jirin. Ya gyara lokacin shan ɗaya daga cikin magungunan, ya ce in riƙa zama a bakin gado tukuna kafin in tashi, in kuma ƙara shan ruwa.

Mutuwar jikin ƙarfe goma kuwa, baklofen ne, maganin da aka ba ni don ƙagewar ƙafa. Kasala da barci sanannun illolinsa ne. Ya rage na safe, ya bar na dare, ya kuma ja kunnena kada in daina shi gaba ɗaya rana ɗaya, yana da haɗari, sannu a hankali ake janye shi.

Muna shirin fita ya juya ga maiɗakina ya ce, "Hajiya, yana minshari?" Ta kalle ni ta ce, "Likita, har shiru yakan yi, sai na taɓa shi ya ja numfashi." Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya, ban taɓa jin wannan ba sai yau. Ya ce ɗaukewar numfashi cikin barci tana tattare da fiye da rabin masu irin ciwona, tana hana barci ya yi amfani, tana kuma tayar da hawan jini. An rubuta mini gwajin barci.

28 ga Oktoba

Jini lafiya. Mutuwar jikin safe ta ragu sosai tun da aka rage maganin, jirin ma sai jefi-jefi. Wannan ne sauƙi mafi girma da na samu zuwa yanzu, kuma ba atisaye ne ya kawo shi ba.

Gwajin barci: numfashi yana tsayawa ko ya ragu sau 19 a awa guda. Tsakanin 15 da 30 matsakaici ake ce masa. Maganinsa na'urar CPAP, mai hura iska ta takunkumin hanci. Ita ce abu mafi tsada da aka ambata tun da aka sallame ni, don haka haya za mu fara yi mu gani. Kafin nan, kwanciya a gefe, da matashi a baya don kada in mirgina rigingine.

Tafiya minti 10 sau uku.

8 ga Nuwamba

Mako ya tafi.

Daren Lahadi na ji jikina wani iri, sanyi-sanyi, fitsari yana zafi. Na ce da safe a gani. Da asuba na kai hannu zan ɗauki kofi, hannun hagu ya ƙi tashi. Na kira maiɗakina, na ji muryata a cakuɗe. Ta kunna fitila, ta ce in yi murmushi, ta ga gefen baki ya sauka. Ba ta tambaye ni ra'ayina ba. Ta duba agogo, ta tayar da ɗanmu, muka kama hanyar asibiti. A mota ban ce komai ba, abu ɗaya kawai nake juyawa: duk abin da na tara ya zube, ga na biyu ya zo.

An yi hoton ƙwaƙwalwa, daga baya aka yi MRI, wani hoton da ya fi nuna komai dalla-dalla. Babu sabon abu, tsohon tabon ne kawai. Zafin jiki 38.6, fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta. Likita ya ce hanyoyin da ƙwaƙwalwa ta buɗe don kewaye wurin da ya lalace ba su yi ƙwari ba tukuna. Idan zazzaɓi ya zo, ko rashin barci, ko jini ya faɗi, su ne ke fara gazawa, sai tsofaffin alamomin su dawo. Da an magance abin da ya tayar da su, sai su lafa. Haka kuwa aka yi: cikin kwana biyu da fara magani hannu ya dawo inda yake, magana ta washe.

Na tambaye shi yadda za mu bambance a gida idan ta sake faruwa. Ya ce ba za ku bambance ba, kada ma ku gwada. Baki ya karkace, hannu ya faɗi, magana ta cakuɗe, a taho nan take, a kuma riƙe lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, domin maganin narkar da gudan jini yawanci cikin awa huɗu da rabi ake bayar da shi. Gara a zo sau goma a ce ba komai.

Hannu ya dawo, amma ƙarfi bai dawo ba. Yau minti 4 na yi na ji maki 15.

14 ga Nuwamba

Likitar gashi ta mayar da ni rabi: minti 5 sau uku. Na ce mata wata guda ke nan ya tafi a banza. Ta ce hawa na biyu ya fi na farko sauri. Mu gani.

CPAP ta iso. Daren farko na cire takunkumin cikin barci ban sani ba, na same shi a ƙasa yana hura iska shi kaɗai.

21 ga Nuwamba

Minti 8. Ta yi gaskiya, ya fi sauri.

Wani abu dabam ne ya dame ni makon nan. Kwana uku ban so fita tafiyar ba. Ba wai na kasa ba, so ne babu. Na san bambancin yanzu: ranar gajiya zuciya tana so, jiki ne ke ƙi, wannan kuwa zuciyar ce ta zauna. Jikata ta kawo mini zanen da ta yi, na kalla ban ji komai ba, shi ne ya tsorata ni.

Na faɗa wa likita. Ya ce kusan mutum ɗaya cikin uku na samun ciwon damuwa bayan shanyewar ɓarin jiki, yana kuma shiga cikin gajiya har a kasa gane wanne ne wanne, amma ba abu ɗaya ba ne, mutum na iya samun ɗaya babu ɗayan. Ya yi mini tambayoyi, ya ce nawa bai kai a fara magani ba tukuna, zai sake dubawa bayan mako biyu, ya haɗa ni da mai ba da shawara. Na rubuta a nan don maza irina ba su cika faɗin wannan ba, sai su ce gajiya ce.

27 ga Nuwamba

An auna mini takalmin roba mai riƙe idon sawu, wanda ake sawa cikin takalmi ya hana tafin faɗuwa. Ban so ba da farko, gani nake alama ce ta sallamawa. Da na taka da shi sai na gane yawan ƙarfin da nake ɓatawa wajen jefa ƙafar gefe da ɗaga ƙugu don yatsu su tsallake ƙasa. Tafiyar minti 10 da take maki 13 ta koma 11. Ya goge mini fata a ƙasan idon sawu, an ɗan dumama wurin an buɗa, an ce in riƙa duba ƙafar kowane dare tunda jin ta bai cika ba.

An fara sa ni a keken da ba ya tafiya, mai majingina, minti 8. Na fi son sa da tafiya: babu tsoron faɗuwa, kai ba ya aikin lura da ƙasa, zuciya ce kawai ke aiki.

Kuɗi kuwa, ba magani ne ya fi ci ba. Zuwa da dawowa sau biyu a mako, da ranar aikin da ɗana ke rasawa don ya kai ni, su ne. Mun roƙa a mayar da zuwa sau ɗaya, a rubuta mana sauran mu yi a gida.

2 ga Disamba

Minti 12 sau biyu, keke minti 10. CPAP awa biyar a dare. Ciwon kan safe ya tafi. Son fita ya dawo, ba duka ba.

8 ga Disamba

Awo na biyu. Mita 10 cikin daƙiƙa 15, wato 0.67. Tafiyar minti 6, mita 225, ba tsayawa. Takardar gajiya: 5.1.

Na daɗe ina kallon lambar ƙarshen. Ƙafa ta yi gaba da kusan rabi, gajiya ta matsa kaɗan, har yanzu tana sama da 4. Na ɗauka su biyun tare za su tafi. Likita ta ce ba lallai ba ne, akwai waɗanda ƙafarsu ke warkewa gajiyar ta bi su shekaru. Ba ta ɓoye mini komai ba. Nazarin 2015 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci tana tacewa, bai sami isasshiyar hujja a kan wani magani ko wata hanya da ke kawar da ita ba. An gwada modafinil, maganin da ke hana jin barci, a Ostareliya, a wani ƙaramin gwaji na mutum 36 da aka buga a 2017, ya nuna alamar taimako, amma mutum 36 ba su isa a kafa doka a kansu ba. Wanda ya fi kusa da abin da muke yi shi ne gwajin da aka yi a Holan, aka buga a 2012, mutum 83, mako 12: waɗanda aka koya wa dabarun tsara yini da tunani, aka haɗa musu da atisaye mai hawa sannu-sannu, fiye da rabinsu sun sami sauƙi na gaske, a kan kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ba dabarun kaɗai.

To amma akwai abin da takardar ba ta aunawa. A Satumba ban san ranar da za ta kwantar da ni ba. Tun bayan zazzaɓin nan ban yi yini guda cur a gado ba. Gajiyar tana nan, sai dai na san abin da ke kiranta, na san kuma sa'o'ina: daga ƙarfe tara zuwa sha biyu ni mutum ne, bayan ƙarfe huɗu kada a kawo mini abin da ke buƙatar kai. A wurina wannan ya fi maki 0.8 da suka ragu.

Yaya ya zo jiya, ya raka ni tafiyar yamma. A minti na 12 na ce mu juya. Ya buɗe baki, ya kalle ni, ya juya.

15 ga Disamba

Tsarin wata biyu masu zuwa, kamar yadda muka zauna muka rubuta.

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2014 don waɗanda suka tsira daga wannan ciwo, ta ce motsa jiki mai ɗaga numfashi kwana 3 zuwa 5 a mako, minti 20 zuwa 60, ana kuma iya yanka shi minti goma-goma, sai atisayen ƙarfafa nama kwana 2 zuwa 3. Idan aka haɗa guntayena na kai matakin farko na wannan. Abin da muke nema yanzu shi ne minti 20 a haɗe, sau huɗu a mako, ƙarin minti biyu duk mako, da sharaɗin nan dai na wayar gari. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, sai gaba.

Matakala za mu fara, hawa huɗu da dafa ƙarfe, mai lafiyar ce gaba wajen hawa, mai ciwon gaba wajen sauka. Hannu kuma an ƙara masa aikin sakin abu: ɗaukar murfin kwalba daga wannan kwano a saki a wancan, wanda ya fi keken gajiyar da ni.

Maganar komawa aiki ta taso. Na rubuta wa ofis ina neman awa biyu da safe, kwana biyu a mako, ba a jere ba, a ɗaki marar hayaniya. Ranar aiki ba keke, tafiya ɗaya kawai. Likita ta ce in gwada a gida tukuna: Talata da Alhamis in zauna kan takardu daga tara zuwa sha ɗaya, in rubuta yadda Laraba da Juma'a suka kasance. Tuƙi babu shi sai an duba idona da saurin amsawata.

Hayar CPAP tana ƙarewa ƙarshen wata, sai mun yanke shawarar saye ko sabuntawa. Awo na uku 9 ga Fabrairu.